Mudun Ma Sai An Auna Shi: Yadda A Ke Daidaita Akwatin Gwajin Rediyo

Kowa ya san abin da kan faru a kasuwa idan mudun mai awo ya lotsa. Ko da mai awon mutumin kirki ne, ba shi da niyyar cutar kowa, duk wanda ya sayi hatsi a hannunsa zai koma gida da tauyayyen awo, shi bai sani ba, masu saye ba su sani ba. Sai ran da aka kawo wani mudu tabbatacce aka gwama su, sa'an nan asiri ya tonu. To, ma'aikatan rediyo ma suna da nasu mudu, yana kuwa lotsewa kamar na kasuwa, sai dai lotsewarsa ba ta ganuwa da ido. A kansa mu ke so mu yi magana yau, musamman domin malaman da ke koyar da kimiyya da sana'ar lantarki, da akawunan da ke riƙe da littafin kayan aiki suna sa hannu a takardun gyara.

Abin da ya sa muka ɗauko maganar, wani abu ne da ya same mu shekarun baya a ɗakin koyon sana'a na wata kwalejin horon malamai. An ba ɗalibai takwas akwatunan rediyo, aka ce kowa ya daidaita nasa, wannan ita ce jarrabawarsu ta aikin hannu. Suka yini a kai. Da muka zo dubawa, sai muka tarar duk takwas ɗin ba su yi ba: tasha ba ta fitowa a inda allura ta nuna, murya kuwa a wani gefen fuskar akwatin da ƙarfi, a wani gefen sai ka kasa kunne. Muka rage musu maki gaba ɗaya, muka kuma yi musu faɗa a kan gaggawa da rashin natsuwa.

Washegari ɗaya daga cikinsu ya zo ya rusuna, ya ce wa malamin ɗakin, "Gafarta Malam, ina da magana in an yarda. Mu takwas ne, kowa ya yi aikinsa dabam, amma kuskurenmu iri ɗaya ne, kuma gefe ɗaya ya karkata. Anya ba akwatin gwajin ba ne?" Muka ɗauko akwatin, muka gwama shi da tashar Kaduna, wadda a lokacin ta ke kan kilohaz 594. Ashe sai an kawo allurarsa wajen 582 kafin ya yi daidai da tashar. Watau ya zarce abin da ya ke faɗi da kashi 2 cikin 100. Yaran sun bi umurnin da aka ba su daidai, mudun da muka miƙa musu ne lotsattse. Hausawa sun ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Mene ne wannan akwati?

Masu gyara suna ce masa siginal janareta, amma kada sunan ya ruɗe mu, ba shi da dangantaka da janaretan da ke ba da wuta. Ƙaramar tashar rediyo ce a cikin akwati, wadda muryarta ba ta wuce teburin mai gyara, shi ne kuma ke juya ta yadda ya ga dama. Mu a nan za mu riƙa ce masa akwatin gwaji.

Igiyar rediyo lantarki ce mai kaɗawa gaba da baya da sauri ƙwarai. Yawan kaɗawar da ta yi a cikin sakan ɗaya shi a ke ƙirgawa da haz, sunan wani masani Bajamushe, Heinrich Hertz, wanda ya nuna samuwar waɗannan igiyoyi a gwaje-gwajensa na 1887 da 1888. A 1960 babban taron ma'aunai na duniya ya karɓi sunan a matsayin ma'auni. Haz 1,000 shi ne kilohaz ɗaya, haz 1,000,000 kuwa megahaz ɗaya. Mitocin nan da masu sauraro suka saba ji, mita 49, mita 31, mita 19, tsawon igiyar ne. In ka raba 300,000 da adadin kilohaz, sai ka sami mita. A shekarun baya, Rediyon Kaduna ta daɗe tana watsa shirye-shiryenta na gajeren zango a kan kilohaz 6,090. In ka yi rabon za ka sami 49 da ɗan ɗori, shi ya sa a ke cewa mita 49.

Akwatin gwaji yana yi wa mai aiki da shi alkawari uku. Na farko, yawan kaɗawar da ke fita shi ne wanda allura ko lambobi suka nuna. Na biyu, ƙarfin abin da ke fita shi ne wanda aka rubuta. Na uku, nauyin muryar da aka ɗora wa igiyar shi ne wanda aka ce. Daidaita akwatin ba kome ba ne illa a binciki alkawuran nan uku, a ga ko yana cika su, in ba ya cikawa a gyara, ko a rubuta iyakar saɓawarsa.

Dalilin da ya sa mai gyara ba ya iya aiki ba tare da shi ba kuwa, yana cikin yadda aka gina akwatin rediyo. Kusan duk akwatunan da muka taso da su suna bin tsarin da wani Ba'amurke, Edwin Armstrong, ya fito da shi a 1918. Kowace tasha ka kamo, akwatin yana mai da kaɗawarta zuwa wani adadi guda da ba ya sakewa, yawanci kilohaz 455 a matsakaici da gajeren zango, megahaz 10.7 a zangon FM, sa'an nan ya ƙarfafa ta. Ba tashar da ke watsa shiri a kan 455, saboda haka sai mai gyara ya ƙirƙiro ta da akwatin gwaji, ya shirya sassan ciki su karɓe ta. In akwatin gwajin ya ba shi 464 yana cewa 455 ne, to, a kan 464 zai gina kome, kuma duk rediyon da ya bi ta hannunsa zai gaji wannan karkata.

Me ke sa shi karkata?

Zuciyar akwatin gwaji wani sashi ne da ke haifar da kaɗawar, bari mu ce masa makaɗi. A tsofaffin akwatuna, abu biyu ke ƙayyade saurin makaɗin: kwayil, watau naɗaɗɗiyar wayar tagulla, da kwandansa, watau faranta masu shiga tsakanin juna in an murɗa. Zafi na sa tagulla ta ɗan miƙe, danshin damina na shiga cikin naɗin, ƙurar hunturu na kwanciya tsakanin faranta, tsufa kuma na sake halin kayan. Wani lokaci ma allurar ce kawai ta zame a kan sandarta da aka buge akwatin wajen ɗauka. In ƙimar kwandansa ta sake da kashi 1 cikin 100, kaɗawa za ta sake da kusan rabin kashi ɗaya.

Mai karatu zai ce, ai kashi ɗaya cikin ɗari ba wani abu ba ne. To, mu yi lissafi. Bisa ga yarjejeniyar Geneva ta 1975, wadda ta fara aiki a 1978, tazarar tashoshin matsakaicin zango a Afirka da Turai da Asiya kilohaz 9 ce. Kashi 1 cikin 100 na kilohaz 1,000 kuwa 10 ne, watau an riga an shiga gonar maƙwabci. A gajeren zango tazarar kilohaz 5 ce, kashi 1 cikin 100 na 6,090 kuwa ya kai 61, wurin tashoshi goma sha biyu ke nan.

Sababbin akwatuna ba su dogara ga kwayil da kwandansa kaɗai ba. A cikinsu akwai ɗan yankakken dutsen kwaz, wanda masu gyara ke ce wa kiristal. Tun a 1880 'yan'uwa biyu Faransawa, Pierre da Jacques Curie, suka gano cewa in an matsa wannan dutse yana fid da lantarki, a 1921 kuma Walter Cady na Amurka ya yi makaɗi da shi. Yawanci kiristal ɗin yana kaɗawa a kan megahaz 10, duk sauran adadin da akwatin ke bayarwa daga gare shi a ke lissafo su. Ya fi kwayil riƙon amana nesa ba kusa ba, amma shi ma zafi na taɓa shi, yana kuma tsufa a hankali, shi ya sa a akwatuna masu tsada a kan rufe shi cikin ɗan ƙaramin tanderu mai zafi guda. Kuskurensa da kashi cikin miliyan a ke ƙirga shi. Duk da haka, kashi 10 cikin miliyan a kan megahaz 150, inda rediyon oba-oba da yawa ke aiki, haz 1,500 ne, alhali kuwa tazarar layukansu sau da yawa haz 12,500 ce kacal. Motar asibiti da ta 'yan kwana-kwana da irin wannan rediyo su ke magana da ofishinsu.

Ina a ke samun mudun gaskiya?

Ka'idar duk wani awo ita ce a gwama abin da a ke shakka da wanda ya fi shi tabbaci, shi ma wancan an gwama shi da na sama da shi, har a kai ga tushe. Masana awo sun fi so ma'aunin da za a gwada da shi ya fi abin gwadawa daidaito aƙalla sau huɗu.

Tushen awon kaɗawa shi ne sakan. A 1955 Louis Essen da Jack Parry suka gina agogon ƙwayar zarra ta siziyam a ɗakin binciken ma'aunai na Ingila da ke Teddington. A 1967 duniya ta yarda cewa sakan ɗaya shi ne tsawon lokacin kaɗawa 9,192,631,770 na hasken da ya dace da ƙwayar siziyam 133. Ofishin ma'aunai na duniya da ke Sevres kusa da Paris, wanda yarjejeniyar mita ta 1875 ta kafa, shi ke haɗa awon agogunan ƙasashe ya fid da lokaci guda. Daga nan awo ke gangarowa zuwa hukumomin ƙasa, irin su Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki ta Nijeriya, SON, wadda tushenta ya faro a 1971, da ɗakunan awo masu bin ƙa'idar duniya mai lamba ISO/IEC 17025, har ya iso teburin mai gyara.

Wanda ba shi da halin aika akwatinsa irin waɗannan wurare, yana da hanyoyi uku. Ta farko, tashoshin da aka kafa musamman domin awo. Tashar WWV ta Amurka, wadda ta koma Fort Collins a jihar Kolorado a 1966, tana watsawa a kan megahaz 2.5 da 5 da 10 da 15 da 20. Tashar RWM ta Rasha, kusa da Mosko, tana kan kilohaz 4,996 da 9,996 da 14,996. Samunsu daga nesa sai yanayin sararin sama ya yi kyau, kuma tafiyar igiyar ta samaniya tana ɗan girgiza ta, amma duk da haka a kan sami daidaiton kusan kashi ɗaya cikin miliyan goma. Ta biyu, manyan tashoshin watsa labarai, waɗanda daidaitonsu ya isa a binciki tsohon akwati mai allura. Ta uku, wadda ta fi sauƙi a yau, ƙaramar na'ura mai karɓar lokaci daga taurarin ɗan Adam na GPS, waɗanda ke ɗauke da agogunan zarra, ta horar da kiristal ɗinta ya ba da megahaz 10 tabbatacce dare da rana.

A nan akwai wani rami da mutane da yawa ke faɗawa. A kan sayi maƙirgi, watau na'urar da ke ƙirga kaɗawa ta nuna lambobi takwas ko tara, sai a gaskata ta saboda yawan lambobin. Alhali kuwa ita ma kiristal ne a cikinta, in ya karkata duk lambobin nan sun karkata tare da shi. A fara gwama maƙirgin da tushe tabbatacce, sa'an nan a ba shi alƙalanci.

Yadda a ke binciken kaɗawa

Da farko a kunna akwatin gwaji da duk kayan awon, a bar su aƙalla rabin sa'a su ɗumama, a wurin da rana ba ta dukansu, fanka kuma ba ta hura su. Awon da aka yi da sanyin asuba zai iya saɓa wa wanda aka yi da azahar a watan Afrilu. Ɗakunan awo kan riƙe zafinsu wajen digiri 23; mu da ba mu da wannan hali, sai mu rataye ma'aunin zafi a bango mu rubuta abin da ya nuna.

Na biyu, kada a taɓa kome a ciki tukuna. A auna akwatin yadda aka same shi, a rubuta. Wanda ya fara murɗe-murɗe kafin awo ya ɓad da shaidar da zai san iyakar ɓarnar da akwatin ya yi wa aikin baya.

Mai maƙirgi tabbatacce aikinsa da sauƙi: ya kashe muryar da ke kan igiyar, ya haɗa waya, ya karanta. Wanda ba shi da shi sai ya yi aiki da kunnensa, ta wata dabara tsohuwa. Duk wanda ya taɓa jin mai molo ko mai garaya yana ɗaure tsirkiya ya san in tsirkiya biyu suka kusa zama murya ɗaya, a kan ji wani bugu-bugu a tsakaninsu, yana raguwa suna ƙara kusanta, har ya ɓace. Haka igiyoyin rediyo su ke. A kamo tashar da aka san adadinta a rediyo, a ajiye wayar akwatin gwaji kusa da eriya ba tare da an haɗa ba, a rage ƙarfinsa kada ya danne tashar, sa'an nan a murɗa a hankali. Za a ji fito mai tsini, watau bambancin da ke tsakanin igiyoyin biyu. Ana matsowa fiton yana yin kauri, ya koma gurnani, ya yi shiru; in an wuce sai ya sake tashi. Tsakiyar shirun nan ita ce daidai. Da ya ke kunnen mutum ba ya jin abin da ya gaza kusan haz 20, lasifikar ƙaramin rediyo kuwa tun kafin nan ta gaji, sai a lura da allurar ƙarfin tasha in rediyon yana da ita, ko a saurari hucin tashar yana tashi yana sauka. In ya koma sau ɗaya a sakan, bambancin haz ɗaya ne.

Tasha ɗaya wuri ɗaya kaɗai ta ke tabbatarwa a fuskar akwati. Domin a sami wurare da yawa, a kan yi amfani da ɗan makaɗin kiristal mai kilohaz 100, wanda ke fid da ninke-ninkensa, 200, 300, 400, har can sama, kamar turakun mil a bakin hanya. A daidaita shi da WWV sau ɗaya, sai duk turakun su zauna daidai. Akwatin gwajin ma yana fid da nasa ninki, ana kuwa cin moriyar wannan: in an sa shi a kan 450, ninkinsa biyu 900 ne, wanda ya faɗa kan turke na tara, da haka a ke binciken yankin 455 da rediyo ba ya kamawa kai tsaye. Amma a yi hattara, ninkin nan kan ruɗi mutum ya ɗauka yana kan megahaz 10 alhali yana kan 5. Fiton asali ya fi na ninki ƙarfi, a kuma riƙa ƙirga turaku daga wurin da aka tabbatar.

In kuskuren kaɗan ne, bai wuce abin da maƙeran akwatin suka yi alkawari a littafinsa ba, a bar shi, a rubuta allon gyara a manna a gefensa: in kana son kaza, sa allura a kan kaza. In ya wuce, sai a buɗe. A fara duba ko allura na tsayawa a kan alamar ƙarshen fuska. Sa'an nan, a kowane zango, a gyara gefen ƙasa da ƙwayar da ke cikin kwayil, a gyara gefen sama da ɗan ƙaramin kwandansan gyara. Kowane ɗaya yana ɗan taɓa ɗan'uwansa, saboda haka sai an je an dawo sau uku ko huɗu, kana a duba tsakiya. Da sukuddireban roba a ke wannan aiki, domin na ƙarfe yana sake awon da zarar ya kusanci kwayil, yana kuma fasa ƙwayar. A maida murfi kafin awon ƙarshe, gama murfin ma yana da nasa tasiri. A sabon akwati kuwa wuri ɗaya a ke gyarawa, kiristal ɗin nan mai megahaz 10, ko kuwa a shigo masa da megahaz 10 na GPS ta kafar da aka tanada a bayansa.

Muna gargaɗin malamai: akwatuna masu bawul suna ɗauke da lantarki mai bolt 250 ko fiye, kwandansa kuma na riƙe shi bayan an kashe. Kada ɗalibi ya buɗe irinsu sai malami na tsaye.

Binciken ƙarfi

Wannan shi ne alkawarin da aka fi mantawa da shi, shi ne kuwa ya fi wuyar bincike. Kyawun rediyo shi ne jin tasha mai rauni, da maikurobolt a ke auna wannan, watau kashi ɗaya cikin miliyan na bolt. In akwatin gwaji ya ce maikurobolt ɗaya ya ke bayarwa alhali biyu ne, kurman rediyo zai ci jarrabawa, a sa masa hannu, a ɗaura shi a mota, sai an yi nisa a daji a ga ba ya jin ofis.

Abin lura na farko shi ne kaya. Yawancin akwatunan gwaji an yi su ne su zuba ƙarfinsu a kan rezista mai om 50. In an auna bakin wayar a sake, ba kaya, za a ga ninki biyu na abin da a ke gani in an sa kayan. Waɗansu maƙera suna rubuta adadin bakin sake, waɗansu na mai kaya, saboda haka a karanta littafin akwati a san da wanne a ke magana. Ga adadin da ya kamata a haddace: miliwat ɗaya a kan om 50 daidai ya ke da bolt 0.224, shi ne a ke rubutawa 0 dBm. Maikurobolt 50 shi ne 73 ƙasa da wannan a ma'aunin desibel, maikurobolt ɗaya kuwa 107 ƙasa. Kowane desibel 20 ragin bolt ne sau goma, desibel 6 kuwa ragin rabi.

Mitar lantarki ta yau da kullum ba ta iya karanta kaɗawa mai saurin nan. Sai ma'aunin ƙarfin rediyo na musamman, ko osiloskof, watau na'ura mai allon gilashi da ke zana siffar igiya. A allonsa, miliwat ɗaya a kan om 50 zai nuna bolt 0.632 daga ƙololuwa zuwa gindi. Sai dai iyakar saurin osiloskof ɗin ya ninka abin da a ke aunawa sau uku zuwa biyar, domin a bakin iyakarsa yana tauye awo da kusan kashi 30 cikin 100. A auna a ƙasa da tsakiya da saman kowane zango, gama ƙarfi kan ragu in kaɗawa ta yi sama.

Ƙaramin ƙarfi irin na maikurobolt ba ya aunuwa da waɗannan kaya, sai da dabarar musaya. A cikin akwatin akwai maragi, watau jerin rezistoci masu rage ƙarfi mataki-mataki. A haɗa akwatin da rediyo mai allurar ƙarfi, a lura da inda ta tsaya. A saka wani maragi tabbatacce mai desibel 20 a tsakiyar waya, a ƙara desibel 20 a akwatin. In allura ta koma inda ta ke, wannan matakin lafiya ya ke. Haka za a bi su ɗaya ɗaya. Abin da ya fi kashe maragi shi ne a danna maɓallin magana na oba-oba yana haɗe da akwatin, ƙarfinsa ya koma ciki ya ƙone rezistoci, daga waje kuwa ba a ga kome ba.

A kuma binciki yoyo. A toshe bakin akwatin da kayan om 50, a zagaya da ƙaramin rediyo kusa da murfi da wayar wuta. In ya ji igiyar da ƙarfi, to tana tsiyaya ta wata kafa, ta tsallake maragi, duk awon ƙaramin ƙarfi ya ɓaci. Sau da yawa maganin bai wuce a ɗaure sukurorin murfi duka, a goge tsatsa, a sake wayar da rigarta ta tsinke ba.

Binciken nauyin murya

Igiyar rediyo ɗan dako ce, murya ita ce kayan da ta ɗauko. Wajen gwajin rediyon matsakaici da gajeren zango, an saba ɗora sautin haz 400 ko 1,000 da nauyin kashi 30 cikin 100. A allon osiloskof za a ga igiyar tana kumbura tana tsukewa. A auna tsayin wurin kumburi da na wurin tsukewa, a ɗebe ƙarami daga babba, a raba da jimlarsu. In kumburi 13 ne tsukewa 7, bambanci 6, jimla 20, watau kashi 30 cikin 100. Wannan lissafi ne da ɗan firamare zai iya, malami na iya ba da shi a darasin kashi cikin ɗari.

Littafin awo

A nan ne aikin akawu ya shigo. Awon da ba a rubuta ba, bayan wata shida ba wanda zai iya rantsewa an yi shi. Kowane akwati ya sami shafinsa, a rubuta kwanan wata, da zafin ɗaki, da ma'aunin da aka gwama shi da shi, da abin da aka samu kafin gyara, da abin da aka bari bayan gyara, da sunan wanda ya yi, da ranar da za a sake. Yawancin maƙera sun ba da shawarar sau ɗaya a shekara. A sake kuma duk lokacin da akwatin ya faɗi, ko aka yi doguwar tafiya da shi, ko aka sake masa wani sashi. In shafin ya cika shekara uku ko huɗu, shi da kansa zai nuna gefen da akwatin ke karkata da saurin karkatarsa, a san ko a matso da ranar awo ko a jinkirta ta. Akawun da aka kawo wa takardar biyan kuɗin daidaita akwati yana da ikon ya tambayi adadin kafin gyara da na bayan gyara, da sunan ma'aunin da aka yi aiki da shi. Takardar da ta ce an duba lafiya kawai, ba adadi, bai kamata a sa mata hannu ba.

Ɗaliban nan takwas, mun tara su a gaban 'yan ajinsu muka gaya musu laifin namu ne, muka soke makin farko. Aikin da aka fara ba su a sabuwar jarrabawa shi ne su daidaita akwatin gwajin da kansu, su buɗe masa shafi a littafi, kana su koma kan rediyonsu. Bakwai suka ci nan take, ɗaya ya sake a mako na gaba. Tun daga ran nan muka sa doka a ɗakin, ba a fara jarrabawar aikin hannu sai malami ya nuna shafin awon kayan da za a yi ta da su. Muna roƙon shugabannin makarantu su duba ɗakunansu kafin ƙarshen wannan zangon karatu, su tambayi ran da aka yi wa akwatin gwaji awon ƙarshe, da sikeli, da ma'aunin zafi, da mitar lantarki. In ba wanda ya iya faɗin ranar, to a sa ta a wannan mako.